Ranar Da Dutsen Gugar Auta Ya Yi Sanyi

Ƙanina Auta bai taɓa yin komai a duniya ba sai guga. Mu bakwai uwarmu ta haifa, ni ce babba, shi ne na ƙarshe. Ni na goya shi har bayana ya haddace nauyin kansa, don haka abin da zan faɗa a kansa babu mai ja da ni.

Yana da shekara goma sha tara ya shiga shagon wanki da guga na bakin titi, wanda ke tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani, bai fito ba sai da gemunsa ya yi fari tas. Shekara talatin da tara. Mutanen layi suna ce masa Baba Sitaci, wai don yana tafiya a miƙe kamar an jiƙa shi an shanya. Ni dai Auta nake kiransa, ko zai yi jika ɗari.

Teburinsa yana kusurwa ta hannun dama in ka shiga. Bargo ninki huɗu, farin zane a kai, kwanon ruwan yayyafi a gefe, sai dutsen guga na lantarki a tsaye. Da kwala yake farawa, sai hannuwa, sai baya, gaba ce ƙarshe. In ya ɗora wa wando kari, za ka iya yanka albasa da shi. Magana kuwa, in ya yi kalma ashirin a wuni to an yi gobara a layin. Bai tara komai ba, bai je ko'ina ba. Teburin nan shi ne gonarsa, shi ne majalisarsa, kuma ya sha gaya min cewa daga kansa yake so a ɗauke shi.

Da tsohon mai shagon ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Shago mai ma'aikata uku, amma yaron ya sayo kujera mai juyi ya ce a riƙa kiransa Manaja. To, Manaja.

Wata safiya matar Auta ta shigo min ko sallamar kirki babu.

"Yaya, ki yi wa ƙaninki magana, ko ni in koma ɗakin yara."

"Me ya yi? Auta ko kaza ba ya iya kora."

"Guga yake min! Ina barci sai in ji hannu a bayana, sama ƙasa, sama ƙasa. Jiya har juya ni ya yi zai goge ɗaya gefen."

Na ce, "Ki gode wa Allah, wasu matan ko kallo ba sa samu. Ya fitar miki da kari?"

Ba ta yi dariya ba. Da na kira shi na titsiye shi, sai ya faɗi gaskiya. Kusan shekara guda ke nan, da ya rufe ido sai ya gan shi a shago, kaya tsibi har rufi, yana gogewa suna ƙaruwa. Ya goge riga ya rataye, ya waiwayo ya same ta a yamutse. Haka zai kwana, ya tashi kafaɗa na ciwo, ya wanke ido ya tafi ya fara na gaskiya.

"Wato aiki biyu kake yi," na ce, "ɗaya ko sannu ba a ce maka."

Wanda bai yi barci ba kuwa barci zai same shi a inda bai shirya ba. A wata guda Auta ya ƙona kaya biyu, shi da bai taɓa ƙona ko zare ba: rigar wata ma'aikaciyar asibiti, da labulen wata mata. Manaja ya juyo a kujerarsa ya ce, "Baba, don darajar mahaifina nake ƙyale ka. Ka sake ƙona min ko hankici ne, ka ajiye dutse ka tafi gida." Auta ya zo ya zauna a barandata ya kasa shan shayi. Ban taɓa ganin tsoro a idonsa kamar na ranar ba.

Mun gwada abin da ake gwadawa. Maganin barci daga kantin da ke jikinsu, sai ya ƙara masa tsawon aikin. Na ce ya juya kan gadonsa, ya juya, ya ce shagon ne kawai ya juya.

Wanda ya kawo dabara wani tsohon malamin makaranta ne da ake kira Riga-Biyu, saboda riguna biyu yake kawowa duk mako, kuma su ɗin ne dai tun zamanin tsohon mai shago. Shi ya ga Auta yana gyangyaɗi a tsaye ya tambaye shi. Da ya ji labari sai ya ce ai mutum yana iya gane cewa mafarki yake tun yana cikin mafarkin, in kuma ya gane to linzami ya dawo hannunsa, ya ajiye dutse ya yi abin da ya ga dama. Ya ce koyo ake yi, kamar keke.

Da Auta ya kawo min zancen na ce, "Mutumin da ya kasa mafarkin riga ta uku shi zai koya maka mafarki?" Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Darasin farko, wai duk safiya ya rubuta abin da ya gani kafin ya tsere masa. Auta ya ce shi rubutunsa bai wuce lambar da ake sa wa a wuyan riga ba. Riga-Biyu ya ce to ya samu mai saurare. Matarsa ta ce ita ta sha nata rabon a baya, don haka kaya suka faɗo kaina. Kullum ƙarfe shida da rabi sai ga shi.

"Yaya, yau na ga an kawo wani zanen gado mai tsawo, na fara daga..."

"Wane launi?"

"Fari. Na fara daga..."

"Fari ai mutuwa ce ko aure. Matar mai agogo ba ta da lafiya, ka ji?"

Sai ya shanye shayinsa ya tafi. Ni a ganina taimaka masa nake yi.

Darasi na biyu shi ne mai wuya. Wai ya riƙa tambayar kansa da rana, sau goma, sau ashirin, "Shin mafarki nake?" kuma ya gwada ya gani, har abin ya zama jiki, yadda ko a barci zai yi. Riga-Biyu ya ce ya kalli rubutu, ya kau da kai, ya sake kallo, in ya canza to mafarki ne. Auta ya ce shi ido biyu ma rubutu canza masa yake yi. Aka ce to ya toshe hanci ya ja numfashi, in iska ta shiga to barci yake. Wannan ya yi kwana biyu yana yi. Rana ta uku wata mata ta zube kayanta a gabansa, shi kuma lokacin gwaji ya yi, ya kama hanci ya matse. Sai da masu wanki biyu na shagon suka fito daga baya suka riƙe ta.

Daga nan ya nemo tasa hanyar. Duk mai guga, kafin ya ɗora dutse a kan kayan mutane, sai ya lashi yatsa ya taɓa gindin dutsen ya ji ya ce cas. Auta yana yin haka sau ɗari a wuni tun kafin a haifi Manaja. Sai ya lura cewa a mafarki dutsen ba ya cewa komai, kuma ba shi da zafi. Riga-Biyu ya buga tebur ya ce wannan ya fi na littafi. Abin da ya rage kawai, duk sanda ya taɓa, ya tsaya ya saurara.

Mako biyar ana abu ɗaya. Sai wata safiya ya shigo yana haki kamar an biyo shi.

"Yaya, na gane! Na taɓa, shiru. Na ce, kai, ashe barci nake!"

"Sai ka yi me?"

"Sai murna ta tashe ni."

Karo na biyu ya daɗe a ciki. Na ce, "To, ka tashi sama? Ka ci naman da haƙoranka ba sa iyawa? Ka ga uwarmu?"

Ya ce, "Zama na yi."

"Zama?"

"A kan kayan. Na miƙe ƙafa."

Jama'a, an ba mutum duniya kyauta, babu ɗan sanda babu suruka, shi kuma ya nemi wurin zama. Daga baya ya gwada tashi sama don in daina yi masa gori. Ya ce ya kai daidai kwanon rufin shago, ya ga duk ya yi tsatsa, ransa ya ɓaci ya sauko.

Amma barci ya dawo. Kafaɗa ta saki, matarsa ta huta, wata huɗu bai ƙona ko zare ba. Da a nan ya tsaya da yanzu yana kan teburinsa. Sai dai ɗan Adam in ya ƙoshi sai ya nemi abin taɓawa. Auta ya gano cewa Manaja ma yana zuwa shagon mafarki. Sai ya tsiro da al'ada: da zarar dutse ya yi shiru, sai ya zaɓi kwat mafi tsada a kan rataya ya saka, ya hau kujera mai juyi, ya kira Manaja ya wanke shi tas. Kullum. Ya ce yana tashi da safe ransa fes, ya je ya gaishe da yaron har da rusunawa. Ni kaina na ce wannan magani ne mai kyau, har na so a koya min.

Ranar da abin ya faru Talata ce, bayan azahar. Auta ya ci abincinsa, ya bar dutse a tsaye kamar kullum, ya jingina da buhun kaya barci ya ɗan sace shi. Cikin wannan barcin abu biyu suka faru. Motar wani otal ta sauke zannuwan gado da tawul tsibi guda, irin wanda shagon bai taɓa samu ba. Sannan wayar Manaja ta mutu, soket ɗin wajen kujerarsa ya lalace, sai ya duƙa ƙarƙashin teburin Auta, bayan bargo, ya zare filogin dutse ya sa cajarsa. Bai gaya wa kowa ba. Manaja ne.

Auta ya buɗe ido ya ga kaya har rufi. Ya kalli sama, fanka na juyawa, fitila a kunne, wato ba a ɗauke wuta ba. Ya lashi yatsa ya taɓa dutse. Shiru. Ya ɗora tafin hannu gaba ɗaya. Sanyi ƙalau.

Ni kuma na fito daga kantin magani da man shafawar gwiwa, na ce bari in leƙa shi. Abin da na tarar: ƙanina cikin baƙar kwat ta wani lauya, hannun ya rufe masa yatsu, yana kan kujera mai juyi, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Manaja yana tsaye da takardar otal a hannu, baki buɗe. Masu wanki biyu sun leƙo da kumfa har gwiwar hannu. Ga masu kawo kaya uku a bakin kanta.

"Matso nan, Ɗan Baba," in ji Auta, da wata murya da ban san yana da ita ba. "Manajan me? Manajan fanka? Kai da na wanke wa wando kana shekara huɗu, a bokitin can, ranar da ka ji ƙarar babur ka saki abin da ka saki? Turaren nan naka kuwa, sauro ne kaɗai ke girmama shi. Shekara shida kana juyi a kujera, ko hankici ba ka iya ninkewa ba. Ba ka san aikin nan ba. Sunan ubanka kake ci, kuma ka kusa cinye shi."

Ɗaya daga cikin masu wankin ta cusa tawul a baki.

Na ce, "Auta! Ka haukace ne?"

Ya juyo da kujera a hankali, ya yi murmushi. "A'a, Yaya, yau ke ma kin shigo? Madalla, dama ina nemanki. Tsaya nan. Shekara hamsin da takwas ina ƙaninki, ba ki taɓa bari na kai ƙarshen magana ba. Ko ɗaya. Mijinki, Allah ya jiƙansa, ba kurma ba ne, hutu ya ɗauka."

An ce wanzami ba ya son jarfa. Ban san sanda na isa gare shi ba. Na dunƙule hannu na sauke masa rankwashi a tsakar ka, irin wanda nake ba shi tun yana tsere wa wanka. Ya dafe wurin. Na ga murmushin yana zubewa kaɗan kaɗan. Daidai nan waya ta fara kuka a ƙarƙashin teburinsa. Manaja ya je ya ɗaga bargo ya zaro ta, ga filogin dutse yashe a ƙasa kowa na gani.

Auta ya kalli filogi, ya kalli kwat ɗin da ke jikinsa, ya kalle ni.

"Yaya," ya ce da ƙaramar murya, "ido biyu ne?"

"Har da na mutane bakwai."

Ya miƙe ya cire kwat, ya kakkaɓe ta, ya mayar kan rataya ya gyara mata kafaɗa. Manaja ya ce, "Fita."

Kwana uku Auta bai fito daga ɗaki ba. Riga-Biyu ya zo ba da haƙuri, wai laifinsa ne da bai ce a riƙa gwaji biyu ba. Na ce ya kwashe iliminsa ya tafi kafin in gwada masa na uku. A rana ta huɗu na sa Auta ya yi wanka na tasa shi gaba zuwa shagon. A hanya na shirya masa komai.

"Zazzaɓi ne ya taɓa maka kai, ka ji? Ka sha magani ba ka ci abinci ba. Kai dai ka sunkuyar da kai, ni zan yi magana."

Na yi magana kuwa. Na tuna wa Manaja mahaifinsa, na tuna masa shekara talatin da tara, na yabi kujerarsa. Na kuma lura zannuwan otal suna nan tsibi, an goge kaɗan an goge su banza, don haka na san yana bukatar Auta ko bai faɗa ba. Ya gama juye-juyensa ya ce ya ji. Sharaɗi ɗaya: Baba ya tsaya gaban ma'aikata, da bakinsa, ya ce duk abin da ya faɗa ƙarya ne. Aka kira masu wanki suka tsaya.

Auta ya gyara murya. "Kwat ɗin mutane da na saka, na yi laifi, ban taɓa yi ba, ba zan sake ba. Kujerarka ma haka. Maganar turare, hancina ne ya tsufa."

"Sai kuma?"

"Maganar wando, yaro ne kai a lokacin, kowa ya yi."

Mai tawul ta sake neman tawul. Manaja ya ce, "Wannan ya wuce. Ka ce ban san aikin nan ba. Ka ce sunan ubana nake ci. Faɗa musu ƙarya ne."

Auta ya yi shiru. Na san shirun nan, na san abin da ke bayansa. Ƙarya tana kan harshena a shirye, mai kyau, da zazzaɓinta da hawayenta. Da na buɗe baki da na rufe zancen, Manaja ya samu abin da zai fake da shi, kowa ya koma bakin aikinsa. Sai Auta ya ɗago ya kalle ni. Kallo kawai. Ni kuma, uwar surutu, wadda ko a makoki sai an taɓa ni ake samun shiru, na ja bakina na rufe.

"Wannan kam ba zan iya ce masa ƙarya ba, ɗana," in ji Auta a hankali. "Ba ka iya ba. Amma ba a haifi kowa da iyawa ba, mahaifinka ma koya ya yi. In kana so, ka riƙa zuwa tebur da safe kafin mutane su zo, in nuna maka. Sai mu fara da hankici."

Har ga Allah da zuciya ɗaya ya faɗa. Ya ɗauka kyauta ya miƙa. Fuskar Manaja ta yi kamar an ɗora mata dutse.

"Ɗauki bargonka," ya ce.

Auta ya yaye farin zane ya ninke, ya ninke bargo, ya zubar da ruwan kwano a bakin titi. Ya tsaya ya ɗan shafa teburin, katako tsirara wanda ni ban taɓa gani ba, duk ya yi baƙi a tsakiya. Muka fito.

Mun wuce mai agogo, mun wuce gidan mai. Sai can ya ce, "Yaya, ba ki ce komai ba."

"Kai ka ce ba na barin ka ka kai ƙarshe. Ga shi ka kai. Ya ka ji shi?"

Ya yi tafiya kaɗan da bargo a ka. "Da ɗaci," ya ce. "Amma ashe haka ƙarshen magana yake."

"To ka ƙoshi, don ba za ka sake samu ba."

Yanzu a barandata yake guga, a kan teburin da nake yanka kayan miya, da wani dutse da surukinsa ya saya masa. Masu kawo kaya ba su da yawa: Riga-Biyu, da mai kantin magani, da wasu 'yan layinmu da ke jin kunyata. Kafin azahar ya gama. Har yau ƙarfe bakwai yake shiryawa tsaf, ya sa takalmi, ya fito daga gidansa, ya zagayo ta bayan makaranta don kada ya bi ta gaban shagon. Hanyar ta fi tsawo, gwiwarsa kuma ba ta fi tawa ba. Na ce masa ya bi titi kamar kowa, shago ba ya cizo. Ya buɗe baki zai ba ni amsa, na ce ya yi sauri ya matsar min da kayan mutane, albasa zan yanka.